Manhajar maguɗi a wasan waya: wa ake cuta?

A shekarar 2024 da wuya ka leƙa shagon cajin waya a Ɗambatta, Bichi, Makoɗa ko Tsanyawa ba ka tarar da samari sun duƙufa suna dannan fuskar waya ba. Notcoin, manhajar dannawa mai biyan kuɗin kirifto, ta fashe a watan Mayu, wasu sun samu kuɗi na gaske, sai kowa ya koma kan Hamster Kombat, wasan da ake bugawa a cikin Telegram, wanda masu shi suka ce mutum miliyan 300 ne suka shiga. Da yatsu suka gaji, sai dabara ta shigo. Wannan ya sauke manhajar da ke danna masa yana barci, wancan ya buɗe asusu goma da layukan iyayensa da na ƙannensa. Kafin a yi rabon kuɗin kirifton Hamster Kombat ranar 26 ga Satumba, masu wasan suka sanar da cewa sun kori asusu miliyan 2.3 saboda maguɗi. Sun ce har akwai wanda ya haɗa asusu sama da 400 da adireshi guda ɗaya na kasuwar kirifto ta Binance. Waɗanda aka kora watanni suka shafe suna sayen data da biyan kuɗin caji, suka tashi a tutar babu.

Guguwar wasannin dannawar ta lafa, amma halin bai tafi ba, ya koma Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty. A nan ma ana tallata manhajojin da za su sa ka hango abokin karawa ta bayan bango, ko bindigarka ta riƙa saita kai da kanta, ko kuma bot, wato manhajar da ke buga wasan a madadinka tana tara maka maki. A karkara ba daga Play Store suke zuwa ba. Aboki ne zai tura maka ta Xender a majalisa, ko ka same su a wani zauren Telegram, ko a wajen masu tura fina-finai ranar kasuwa.

Abin da yara da yawa ba su gane ba shi ne, wasan ba a cikin wayarsu kaɗai yake gudana ba. Duk motsin da ka yi yana zuwa manyan kwamfutocin kamfani, su kuwa suna auna shi. Yatsan ɗan Adam yana gajiya, yana kuskure, yana tsayawa in an kira salla. Manhaja kuwa tana dannawa da tazara iri ɗaya har asuba. Harsashin da ba ya taɓa kuskuren kai ma shaida ne. Kamfanonin sukan ƙyale mai maguɗi na ɗan lokaci, su tara sunaye, sannan su share su gaba ɗaya, don kada masu ƙera manhajar su gane ta inda aka kama su. Shi ya sa wanda ya ce maka "ai ni sati uku ina amfani da ita ba abin da ya faru" bai ba ka hujjar komai ba. PUBG Mobile na rufe asusu har na shekara 10, Garena kuwa mai Free Fire rufewar dindindin take yi, kayan da ka saya a ciki da kuɗinka su tafi tare da shi.

Rasa asusun wasa ƙaramar asara ce a kan wadda ke biye. Ka tambayi kanka, wanda ya zauna ya ƙera manhajar cuta ya raba ta kyauta, da me za a biya shi? A watan Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya bayyana cewa ya gano wata manhajar leƙen asiri mai suna Ratel da ake rabawa a Telegram da sunan Hamster Kombat. Da zarar an ba ta izini, tana iya karanta saƙonnin waya, ta aika saƙo, ta ɓoye sanarwar da ke shigowa. Kamfanin ya kuma gano cewa wasu manhajojin dannawa da ake bayarwa don kwamfuta suna ɗauke da Lumma Stealer, mai satar kalmomin sirri da bayanan lalitar kirifto.

Yanzu a duba yadda muke rayuwa a ƙauye. Waya ɗaya ce mai kyau a gida, ita ce ta wasan yaro, ita ce kuma mai layin da uba ya yi rajistar banki da shi. Kuɗin gyaɗa ko na ragon da aka sayar a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi yana cikinta. Lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo ita ce makullin rumbu, yaron kuwa ya miƙa ta ga wanda bai taɓa gani ba don ya ci wasa ɗaya. Ni a ganina nan ne iyaye ya kamata su sa ido, fiye da faɗan ɓata lokaci da aka saba yi.

Kariyar ba ta da tsada. Kada a sauke wasa sai daga Play Store, kuma a bar Play Protect a kunne. Duk wasan da ya nemi izinin karanta saƙonni ko sarrafa waya, a goge shi nan take, domin harbi da tsere ba su da haɗi da saƙon banki. Kada a ba kowa kalmar sirrin Facebook ko Gmail don ya "ɗaga" asusu ko ya zuba lu'ulu'u kyauta. Layin da aka yi rajista da NIN ɗinka ma kada ka ara wa mai tara asusu, don in aka yi ɓarna da shi sunanka za a fara gani. Masu shagunan caji da masu turi, ku ma da haƙƙi a kanku: abin da ba ku san asalinsa ba kada ku zuba wa yaran mutane.

In kun haɗu da mai maguɗi a fili, akwai wajen kai ƙara a cikin wasan, ku yi amfani da shi, kuma kada ku shiga tawagarsa don ku ci bulus, saboda Free Fire na hukunta har wanda ya riƙa bin mai maguɗi da gangan. Wanda kuma ya riga ya sa irin wannan manhaja, ya kashe data, ya kwashe hotunansa da lambobinsa, ya mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Daga nan ya sauya kalmomin sirrinsa ta wata wayar daban, ya je banki ko ya kira su a duba asusun tun kafin kasuwa ta gaba ta ci.