Jan Kaya da A-kori-kura: Wace Giya Ta Dace?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Talata Mafara ranar kasuwa ya ga a-kori-kura ta shigo daga Ruwan Gizo ko Bakura ko Maradun, bayanta cike da buhuna, wani lokaci ma tana jaye da ƙaramar tirela ko wata motar da ta lalace. Lokacin girbin shinkafa a gonakin noman rani na Bakolori abin ya fi yawa. Da yawanmu 'ya'yan manoma ne, idan an yi hutu mu ake miƙa wa makulli. Shi ya sa na ga ya dace, a matsayina na ɗalibin injiniyan kanikanci, in yi ɗan bayani kan zaɓen giya idan ana jan kaya. Maganar a taƙaice ita ce: nauyin kaya da muryar inji su ke zaɓa maka giya, kuɗin mai ba shi da ta cewa.

Bari mu fara da aikin giya. Inji yana da iyakar ƙarfin juyin da zai iya bayarwa, giyabos kuma shi ke ninka wannan ƙarfi kafin ya isa taya. A Hilux mai giya biyar, a giya ta ɗaya inji yakan juya wajen sau huɗu kafin sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya ta juya sau ɗaya. Gudu kaɗan, ƙarfi mai yawa. A giya ta huɗu juyinsu ɗaya ne, inji ɗaya sanda ɗaya. A ta biyar kuwa sandar ce ma ta fi injin juyi, wato an sayar da ƙarfi an sayi gudu. Wanda ya taɓa tuka keke mai giya da buhu a baya ya san wannan a cinyarsa.

To ina matsalar take? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direba ya zama mai lissafin kowace lita. Za ka ji ana cewa a tasha, "Ka yi maza ka kai ta biyar, ta fi shan mai kaɗan." Idan motar ba komai a cikinta, gaskiya ne. Amma da kaya, sai ka ga an take totur har ƙasa, mota na karkarwa, inji na gurnani, gudu bai ƙaru ba. Man na ƙonewa a banza, zafi na taruwa, ga fanka da famfon ruwa suna juyi a hankali saboda da juyin inji suke tafiya. A watan Afrilu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, nan da nan lagireto zai tafasa. Ban da haka, a giya ta huɗu ƙarfi yana wucewa kai tsaye ta cikin giyabos, a ta biyar kuwa sai ya bi ta kan ƙananan haƙora. Shi ya sa ta biyar ke saurin lalacewa a motocin da ke yawan jan kaya.

Ta yaya za ka gane kana kan giyar da ta dace? Dubi agogon juyin inji. Injin dizal yana ba da ƙarfinsa sosai tsakanin juyi 1,500 zuwa 2,500 a minti ɗaya, na fetur kuwa sai an ɗaga shi sama da haka. Idan motar ba ta da agogon, gwajin mai sauƙi ne: ƙara taka totur kaɗan. In ta amsa, kana daidai. In ta yi gurnani ba ta ƙara gudu ba, sauko da giya ɗaya.

Wajen tashi, da ta ɗaya za ka tashi, ko da ka saba tashi da ta biyu. Tashi da ta biyu da kaya yana sa ka daɗe da rabin kuloci, kuma ƙaurin da kake ji fatar kulocin ce ke ƙonewa. Wajen hawa, kamar fitowa daga rafi ko hawan gada, canza giya tun kana ƙasa. In ka bari sai tsakiyar hawa, da ka taka kuloci nauyin tirela zai ja ka baya. A yashi ko taɓo, motar da ke ja da ƙafa huɗu tana da 4H da 4L. Ka tsaya cak kafin ka sa 4L, kuma da ka hau kwalta ka mayar da ita 2H, domin tafiya da ita kan busasshen titi na wahalar da giya da tayoyi.

Gangara ita ce inda ake asarar rai. Wasu kan sa mota a firi wai don su rage shan mai. Wallahi wannan ganganci ne. Da ka cire giya, inji ya daina riƙe mota, duk nauyin ya koma kan birki. Birki na tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudu zafi, in zafin ya yi yawa sai ka taka ka ji bai kama ba. Ƙa'idar tsofaffin direbobi har yau tana nan: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Mai otomatik kuma ya fitar da ita daga D zuwa 3 ko 2 ko L, gwargwadon gangarar.

Sai dai giya ba ta gyara lodin da ya wuce kima. Yawancin tirelolin da ake haɗawa wajen masu walda ba su da birkin kansu, kuma littafin Hilux ya taƙaita irin wannan tirela a kilo 750, har da nauyin ita kanta. Buhun masara mai kilo 100 guda bakwai kawai sun kusa cinye wannan. A jera kaya yadda gaban tirela zai ɗan fi bayanta nauyi, wajen kashi goma cikin ɗari na nauyin ya sauka kan mahaɗa. In baya ya fi nauyi, tana fara gudu za ta riƙa wutsil-wutsil har ta kaɗa motar.

Litar da za ka rage ta hanyar maƙale wa giya ta biyar ko sakin firi ba za ta sayi fatar kuloci ba, balle giyabos, balle ran yaran da ke zaune kan buhuna. Idan an ba ka mota wannan hutun, ka saurari inji, ka sauko da giya da wuri, ka bar masu gaggawa su wuce. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa mu gama karatu lafiya.