Laburaren Birmingham da Aka Gina a Kife

An saba ganin gini ya yi faɗi a ƙasa ya tsuke a sama. Tsohon babban laburaren birnin Birmingham na Ingila ya saɓa wa wannan, domin benayensa na sama kowanne ya fi na ƙarƙashinsa faɗi, sai ka ce dala aka kife. Harold Wilson, jagoran jam'iyyar Labour a lokacin, shi ya buɗe shi a watan Janairun 1974, kuma wanda ya zana shi, John Madin, ɗan garin ne.

Ba don burga aka yi masa wannan siffa ba. Manyan tituna ne suka kewaye wurin, motoci ba dare ba rana, ga shi kuma hasken rana mai ƙarfi yana cinye takarda. Sai Madin ya juya wa titi baya. Tagogin waje ƙanana ne, a ɗage can sama, benen da ya turo yana yi wa na ƙasa inuwa. Manyan gilasai kuwa suna fuskantar wani fili da aka bari a tsakiyar ginin, ta nan haske ke shigo wa masu karatu a hankali. Masana gini kan danganta shi da ginin majalisar birnin Boston ta Amurka, wanda shi ma ginin kankare ne.

Madin ya so a lulluɓe bangon da dutse mai tsada, majalisar birni ta ce babu kuɗi, aka yi amfani da allunan kankare. Ruwan saman Ingila da hayaƙin motoci suka yi aikinsu, bango ya yi dabbare-dabbare. Daga baya aka rufe filin tsakiyar nan da rufin gilashi, aka cika shi da shaguna da wuraren cin abinci. Wanda ya ga ginin a shekarunsa na ƙarshe, gaskiya, rabin abin da Madin ya nufa kawai ya gani.

Yarima Charles, sarkin Birtaniya na yanzu, ya taɓa cewa ginin ya fi kama da wurin ƙona littattafai. Maganar ta bi ginin har ƙarshe. Sau biyu hukumar English Heritage ta ba da shawarar a sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana rushewa, sau biyu ministoci suka ƙi.

Madin ya rasu a 2012. A watan Yunin 2013 aka rufe laburaren, a Satumba kuma Malala Yousafzai ta buɗe sabon da ya gaje shi, wanda ya ci fam miliyan 188 da ɗoriya. Ba a yi shekara biyu ba ƙarancin kuɗi ya sa aka rage sa'o'in buɗe sabon daga 73 zuwa 40 a mako. Tsohon kuwa, a 2016 aka gama rushe shi, ofisoshi ne yanzu a filin.