Tijarar Katako Daga Uba Zuwa 'Ya

A shekarar 1956, a wani ƙauyen Amurka mai suna Eighty Four, Joe Hardy ya haɗa jari da 'yan'uwansa da aminansa, suka buɗe wurin sayar da katako bisa sharaɗin mai saye ya biya lakadan, ya ɗauki kayansa da kansa, al'amarin da ya sauƙaƙa farashi har magina suka yi ta tururuwa. Da girma ya zo masa, sai ya danƙa ragamar kamfanin, wato 84 Lumber, ga 'yarsa Maggie a 1992, wadda, sa'ad da musibar kasuwar gidaje ta auku a 2008, ta rufe rassa da dama, ta zuba dukiyarta domin kamfanin ya tsira, kuma haƙiƙa wannan ya fi kafawar wuya. Mahaifin ya rasu a 2023, ranar da ya cika shekara 100.