Lamba mai alƙaluma miliyan 41: gaskiya da ƙarin gishiri

Tun watan Oktoba na 2024 ake yawo da labarin wai an gano "lambar da ta fi kowace girma". An gano wata lamba kam, amma an cuɗa labarin da ƙarin gishiri.

Ga yadda take: a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, a ɗebe 1. Abin da zai fito yana da alƙaluma 41,024,320. Darajarta ita ce ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, kamar 7 ko 13. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia a Amurka, shi ya gano ta ƙarƙashin GIMPS, shirin neman irin waɗannan lambobi, bayan ya yi hayar dubban na'urori a ƙasashe 17. Wannan duk gaskiya ne.

Cewa babu wadda ta fi ta a cikin marasa rabuwa, wannan ƙarya ce, kuma ita ta fi ci mini rai, domin masanin lissafi Yuklid na Iskandariyya ya rufe wannan babi shekara sama da 2,000 da suka wuce. Hujjarsa ko ɗan sakandare zai gane ta. Ɗauki 2 da 3 da 5, ka ninka, ka sami 30, ka ƙara 1. To 31 ba ta rabuwa da ko ɗaya cikinsu, kullum sai 1 ta yi saura. Duk tsawon jerin da ka tara, wannan dabara za ta tilasta samuwar wata da ba ta cikinsa. Ta Durant ita ce mafi girma da aka sani a lokacin, ba ƙarshen hanya ba.

Wasu kuma na cewa duk lambar da aka gina ta wannan siga ba ta rabuwa. A'a. Jera 2 sau 11 ka ɗebe 1, za ka sami 2,047, wato 23 sau 89. Marin Mersenne, malamin cocin Faransa da ake kiran wannan dangi da sunansa, shi ma ya sa wadda ake jera 2 sau 67 a jerinsa na marasa rabuwa, sai a 1903 Frank Cole ya nuna lambobi biyun da ke raba ta. Ta Durant ce ta 52 da aka sani a cikin marasa rabuwa na dangin.

Batun cewa da ita bankuna ke kulle asusun mutane ba shi da tushe. Tsarin RSA da ake kulle bayanai da shi na aiki da marasa rabuwa masu alƙaluma kamar 300, kuma a ɓoye suke. Lambar da duniya ta sani ba ta zama makulli.

Kuɗi kuwa, ladan GIMPS dala 3,000 ne kacal. Dala 150,000 da ake ambato ta wata ƙungiya ce mai suna EFF, an ware ta ga wanda ya fara gano mai alƙaluma miliyan 100.