Garkuwa ko Ƙawanya? Yadda Jiki Ke Karɓar Ƙwayar Tarin Fuka

Masu rubuta al'amuran lafiya da Hausa sun saba kiran ƙarfin da jiki ke kare kansa da shi "garkuwar jiki". Sunan ya riga ya zauna. Amma garkuwa aikinta ta tare kibiya ta faɗi ƙasa, shi ke nan. Abin da ke gudana tsakanin jikin mutum da ƙwayar tarin fuka ya fi kama da ƙawanya, irin wadda mayaƙa kan yi wa gari, su daɗe ba su ci shi ba, ba su kuma tashi ba.

Robert Koch ne ya bayyana wannan ƙwaya a Balin, ran 24 ga Maris, 1882. Siririya ce kamar guntun tsinke, ba a ganinta sai da madubin likita. Fatarta tana da maiƙo mai kauri kamar kakin zuma, wanda ke sa ta wuyar narkewa. Ba ta kuma gaggawa: takan yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali kuwa wasu ƙwayoyin cuta minti 20 ya ishe su.

In mai ciwon ya yi tari, ƙwayar takan bi iska, wani ya shaƙa, ta gangara har cikin 'yan jakunkunan iska na huhu. Can za ta tarad da wani mai gadi daga cikin dakarun jiki, wanda likitoci ke kira makrofaj, watau "babban maciyi" da harshen Girka. Al'adarsa ya haɗiye baƙo, ya rufe shi cikin wata 'yar jaka, sa'an nan ya kwararo masa ruwa mai narkarwa. To, ita wannan ƙwaya tana da dabarar hana jakar haɗuwa da ruwan. Sai cikin maciyin ya zama mata ɗaki, ta yi ta haihuwa a ciki.

Ana nan sai wasu dakaru su ɗauki ƙwayar su kai ga kaluluwar ƙirji. A can ne ake nuna ta ga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, musamman irin da ake wa laƙabi da CD4. Waɗanda suka gane ta su yawaita, su nufo huhu, suna fid da wani sinadari mai suna intaferon gama, wanda ke zaburad da maciyan su kashe abin da suka haɗiye. Amma wannan gayya takan ci mako 2 zuwa 8 kafin ta haɗu, kafin nan kuwa baƙuwar ta kafa gindi.

Saboda haka sai jiki ya koma ga ƙawanya. Maciyan da suka kamu suna tsakiya, ƙwayoyin T sun kewaye su, daga baya a yi musu katanga da zaruruwan nama. Wannan ɗan ƙulli shi ne tushen sunan ciwon a Turai, domin kalmar ta fito ne daga Latin, ma'anarta "ƙaramin kumburi". Tsakiyarsa takan mutu ta yi fari-fari kamar cuku, iska ta yi ƙaranci, ƙwayar ta lafa. A wasu mutane jiki yakan gama da ita sarai. A wasu kuwa tana nan da rai. Wanda ke cikin wannan hali ba ya tari, ba ya kuma sa wa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa wajen rubu'in mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma 5 zuwa 10 ne kaɗai cikin 100 nasu ciwon ke bayyana gare su.

Ƙawanya ba ta ɗorewa sai da mayaƙa. Ƙanjamau ƙwayoyin CD4 yake kashewa, don haka ne tarin fuka ya fi kowane ciwo hallaka masu ɗauke da shi. Yunwa, da ciwon sukari, da shan taba su ma suna raunana tsaron. In katanga ta rushe, cukun nan ya narke ya zubo cikin hanyar numfashi, ya bar kogo a huhu. Nan mai karatu zai lura da wani abin mamaki: yawancin ɓarnar huhun, dakarun jiki ne da kansu ke yin ta garin faɗa, kogon nan kuwa shi ke ba ƙwayar ƙofar fita zuwa ga wani. A 2023 kimanin mutum miliyan 10.8 suka kwanta da ciwon, wajen miliyan 1.25 suka rasu.

Allurar BCG, wadda Calmette da Guérin suka haɗa, aka fara ba jariri a Faransa a 1921, koya wa dakarun jiki kamannin abokin gaba take yi tun bai zo ba. Tana kare yara ƙanana daga mugun nau'in da ke hawa ƙwaƙwalwa, amma ba a dogara da ita wajen tsare huhun manya. In ciwo ya bayyana, sai magani, galibi na wata 6 ba fashi, domin ƙwayar da ta lafa ba ta mutuwa da wuri.

Saura magana guda ta harshe. Kalmar "ya kamu" tana haɗa mutum biyu da likita ke rabewa: wanda ƙwayar ke tsare a jikinsa, da wanda ta ɓalle masa. Ya kamata masu fassara su riƙa cewa "mai ɗauke da ƙwayar" ga na farko, "mai ciwon" ga na biyu. In ba haka ba, za a guji wanda ba ya cutar da kowa, shi kuwa mai tarin da ya wuce mako 2 ya ɓoye don kunya, maimakon ya kai majinarsa a auna.