In An Canja Mai Horarwa, Wa Zai Riƙe 'Yan Bugu?

A ƙarshen kowace shekara jami'o'in Amurka kan shiga wani irin hargitsi, watau lokacin sallamar masu horar da 'yan ƙwallo da ɗaukar sababbi. Ƙwallon nan dai ba irin wadda aka saba gani a filayen Ikko da Badun ba ce. Siffarta kamar ƙwai, yawanci da hannu ake ɗaukarta a ruga, kowane ɓangare kuwa mutum 11 ne a fili.

Kowace ƙungiya kashi uku take. Akwai masu kai hari, akwai masu tsaron gida, sa'an nan akwai na uku da ba su shiga sai in za a buga ƙwallo da ƙafa. Su ne 'yan bugu. Aikinsu na ɗan lokaci ne, amma kuskurensu guda yakan rushe wahalar shekara. Kashi biyun farko kowanne da shugabansa. Na ukun ne aka daɗe ana jayayya a kansa: a raba shi ga mataimaka, ko a ɗora wa mai wani aiki, ko a ware masa mutum guda? Masu hana haɗawa sukan ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Frank Beamer, wanda ya riƙe ƙungiyar jami'ar Virginia Tech daga 1987 zuwa 2015, shi da kansa ya ɗauki nauyin, ko da yake shi ne babba. Har gwanayensa yakan sa a ciki, ba 'yan jiran gurbi kaɗai ba. Da samari suka ga maigida ya tsaya a kan abin, suka daina raina shi. A zamaninsa sun tare bugun abokan karawa fiye da sau 100, suka kuma je wasan ƙarshen shekara sau 23 a jere.

Amma fa wanzami ba ya son jarfa. A watan Janairu na 2000, wajen neman kambin ƙasa, 'yan Florida State suka tare bugun Virginia Tech suka ci da shi. Peter Warrick kuma ya cafe wani bugun ya ruga yadi 59 ya ci. Aka tashi 46 da 29, Beamer ya sha kaye da makaminsa.

Da ya ajiye aiki, Justin Fuente ya gaje shi. Bai kori Bud Foster mai kula da tsaron gida ba, amma 'yan bugu sai ya damƙa su ga James Shibest, wanda ya taho da shi daga Memphis. Aikin ya sauka daga hannun maigida zuwa na mataimaki.

A 2018 hukumar NCAA ta ƙara yawan mataimakan da aka yarda a ɗauka daga 9 zuwa 10, jami'o'i da dama suka ba 'yan bugu wannan gurbi. Shane, ɗan Beamer, da ya samu ƙungiyar South Carolina a ƙarshen 2020, sai ya ɗauko Pete Lembo domin wannan aiki. A 2022 suka doke Clemson 31 da 30, kuma 'yan bugu ne suka ƙwato ƙwallo dab da tashi. A 2024 jami'ar Buffalo ta ɗauke Lembo ta mai da shi babba, Shane ya koma neman wani.

Ashe ke nan ba muƙamin mai riƙon ne abin dubawa ba. Ko maigida ne ko mataimaki, tilas a san mutum guda da za a tambaya ran da ƙwallo ta kuɓuce. Ƙungiyar da ta canja masu horarwa ba ta yanke wannan magana ba, ita da kanta za ta gani a fili.