CIWON HANNU, ƘAFA DA BAKI: MU SAN ƘWAYOYIN DA KE KAWO SHI GA YARA

Ga yaro ɗan shekara 2 ya kwana da zazzaɓi. Da safe uwarsa ta ba shi kunu, ya ƙi sha. Ta ba shi nono, ya kama ya saki yana kuka, miyau yana zuba daga bakinsa. Da ta duba, sai ta ga ƙananan gyambuna a harshensa da dasashinsa. Kashegari ƙuraje suka fito masa a tafin hannu da tafin ƙafa. Kafin mako ya kewayo, wasu yara biyu na gidan su ma sun kwanta.

Nan take shawara ta yi yawa. Wata ta ce ƙyanda ce, wani ya ce ƙarambau ne, wani kuma ya ce borun shanu ne ya kama yaron. Sau da yawa duk ba haka ba ne. Ciwo ne mai zaman kansa. Likitoci suna kiransa ciwon hannu, ƙafa da baki, saboda a waɗannan wurare uku ne ƙurajen suka fi fitowa. Ya fi kama yara ƴan ƙasa da shekara 5.

MENE NE KE KAWO SHI?

Abin da ke kawo shi ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira birus. Birus ya fi duk sauran ƙwayoyin cuta ƙanƙanta. Ido ba ya ganinsa, ko madubin da ake duba jini da shi a gidan likita ba ya nuna shi.

Ba birus ɗaya ba ne ke kawo wannan ciwo. Dangi ne guda masu yawa, ana kiransu birus ɗin hanji, domin ta baki suke shiga, su hayayyafa a maƙogwaro da hanji, su fita tare da kashi. Mun riga mun san ɗaya daga cikin wannan dangi, wato ƙwayar da ke kawo shan inna. Amma ɗigon rigakafin shan inna ba ya kare yaro daga sauran ƴan uwanta.

Tunda ƙwayoyin suna da yawa, yaro yana iya yin ciwon bana, ya warke, baɗi kuma wata ƙwayar ta sake kama shi. Jiki yana gane wadda ya taɓa faɗa da ita ne kawai.

UKU DA SUKA FI SUNA

Ta farko ita ce Koksaki A16. Koksaki sunan wani ƙaramin gari ne a jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka. A cikin kashin yaran garin ne aka fara gano ƙwayoyin da ke ɗauke da wannan suna, a shekara ta 1948. A 1957 ciwon ya ɓarke a birnin Toronto na ƙasar Kanada, likitoci suka samu A16 a jikin yaran. Ita ce mai sauƙi. Yawanci yaro yana warkewa ba tare da ta bar masa wata illa ba.

Ta biyu ita ce birus ɗin hanji mai lamba 71. An fara gano ta a jihar Kaliforniya ta Amurka a 1969. Ita ce abin tsoro. Ga mafi yawan yara, ƙuraje da zazzaɓi kawai take kawowa. Amma ga wasu kaɗan takan wuce zuwa ƙwaƙwalwa da laka. In ta taɓa gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya, huhu yana iya cika da ruwa, yaro ya rasu cikin ɗan lokaci. Takan kuma shanye hannu ko ƙafa kamar shan inna.

Ta uku ita ce Koksaki A6. Ta yi suna ne tun ɓarkewar da aka yi a ƙasar Finlan a 2008, daga nan ta bazu a ƙasashe da yawa. Ƙurajenta sun fi girma, suna fitowa har a kewayen baki, da damtse, da cinya, da gindi. Tana kama manya ma. Bayan mako 3 zuwa 8 da warkewa, farcen wasu yara yakan ɓamɓare. Kada iyaye su firgita, sabon farce yana tsirowa da kansa.

ABIN DA YA FARU A ƘASASHEN ASIYA

A nahiyar Asiya ne ƙwaya mai lamba 71 ta fi yin ɓarna. A 1997 ta kashe yara a yankin Sarawak na ƙasar Malesiya. A 1998 ta auka wa tsibirin Taiwan: an rubuta sunayen masu ciwon fiye da dubu 129, mutum 405 suka yi tsanani, 78 suka rasu, akasarinsu ƙananan yara. A ƙasar Sin, daga 2008 zuwa 2012, an lissafa masu ciwon fiye da miliyan 7, waɗanda suka rasu kuwa sun haura 2.400.

Mu dubi waɗannan lambobi da kyau. A cikin yara dubu da suka kamu, ko ɗaya bai cika rasuwa ba. Wato ciwon ba mai yawan kisa ba ne. Amma in ya kama yara miliyoyi, ɗan kaɗan ɗin nan yana zama gidaje da yawa da ke zaman makoki.

Nesa ba ta hana cuta zuwa. A 2016, masu bincike na cibiyar Pasteur ta Dakar sun bayyana cewa sun samu ƙwaya mai lamba 71 a kashin wasu yara na Afirka ta Yamma waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye, har da yaro daga Nijar. Ke nan tana cikinmu. Kuma da ido ba wanda zai iya cewa wannan A16 ce, wannan 71 ce, domin farkon ciwon duk iri ɗaya ne. Shi ya sa kowane yaro da ya kamu yake bukatar a sa masa ido.

BA BORUN SHANU BA NE

Makiyaya sun san boru. Yana sa saniya dalalar da miyau, bakinta ya yi gyambo, kofatonta ya yi ciwo har ta kasa tafiya. Yana kama shanu, da tumaki, da awaki. Da yake alamun sun yi kama, sai wasu su ɗauka ciwo ɗaya ne. Amma kama da wane ba wane ba ne. Ƙwayar boru daban, ƙwayoyin ciwon yara daban. Yaro ba ya ɗaukar ciwon hannu, ƙafa da baki daga dabba, shi ma ba ya sa wa dabba. Daga mutum zuwa mutum yake yawo. Saboda haka kada a zargi garken maƙwabci, kada kuma a shafa wa yaro maganin dabbobi.

YADDA YAKE YAƊUWA

Ƙwayar tana cikin miyau, da majina, da ruwan ƙuraje, da kashi. Uwa ta wanke wa yaro kashi, ba ta wanke hannu da sabuni ba, ta dama fura: ƙwayar ta shiga fura. Yara sun sha ruwa da moɗa ɗaya, ko sun tsotsi abin wasa ɗaya: ta wuce daga wannan zuwa wancan. Tari da atishawa su ma suna ɗauke da ita. Shi ya sa take saurin bazuwa a babban gida, da jardan, da wurin biki.

Makon farko ne yaro ya fi yaɗa ta. Amma ko bayan ya warke, tana ci gaba da fita a cikin kashinsa har makonni da yawa. Babba kuma yana iya ɗauke da ita bai sani ba, yana cikin ƙoshin lafiya, ya kai wa yaransa.

Bayan ƙwayar ta shiga jiki, ana yin kwana 3 zuwa 6 kafin zazzaɓi ya fara. Bayan kwana 1 ko 2 gyambunan baki da ƙuraje su biyo. Yawanci cikin kwana 7 zuwa 10 komai ya wuce.

JINYA A GIDA

Har yanzu babu maganin da ke kashe waɗannan ƙwayoyi. Jikin yaro ne ke yaƙi da su. Kafso da allurar da ƴan tebur ke sayarwa ba sa taɓa birus, asarar kuɗi ce kawai, wani lokaci ma su cutar da yaro.

Abu na farko, duk yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi gidan likita a auna jininsa. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yana iya ɓoyewa a bayan kowane ciwo.

Abu na biyu shi ne ruwa. Babban haɗarin da ya fi yawa shi ne yaro ya ƙi sha saboda zafin baki, jikinsa ya bushe. A ci gaba da ba shi nonon uwa. A ba shi ruwa mai tsabta, mai sanyi, kaɗan-kaɗan da cokali, a kai a kai. A ba shi kunun da ya huce, ko fura mai laushi. A guji yaji, da tsamiya, da lemon tsami, da abinci mai zafi, domin suna ƙara raɗaɗi.

Don rage zazzaɓi da zafin baki, ana ba da farasitamol bisa awon da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Kada a ba yaro asfirin. Kada a fasa ƙurajen, kada a goge gyambun baki da toka, kanwa ko gishiri.

ALAMUN HAƊARI

In aka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi gidan likita nan take, ko da dare ne:

1. Yaro ya ƙi shan komai, bakinsa ya bushe, ya wuni bai yi fitsari ba.
2. Zazzaɓi mai zafi ya wuce kwana 2 bai sauka ba.
3. Yana ta amai.
4. Yana zabura cikin barci, ko hannuwansa suna rawa.
5. Barci ya yi masa yawa, da ƙyar ake tashe shi.
6. Hannu ko ƙafa ta saki, ko yana tangaɗi in yana tafiya.
7. Wuyansa ya sanƙare, ko yana jijjiga.
8. Yana numfashi da sauri, yana zufa, hannu da ƙafa sun yi sanyi.

Waɗannan alamu sun fi bayyana a kwanakin farko na ciwon. Kada a ce bari mu ga gobe. Yaro ɗan ƙasa da wata 6, da wanda tamowa ta raunana, a kai su tun ranar farko.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A ƙarshen 2015 ƙasar Sin ta amince da allurar rigakafin ƙwaya mai lamba 71, aka fara yi wa yara a 2016. Amma ba ta kare yaro daga A16 ko A6, kuma ba ta cikin alluran da ake yi wa yaranmu. Garkuwarmu tana hannunmu:

1. A wanke hannu da ruwa da sabuni bayan an fito salanga, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin a dafa abinci, da kafin a ba yaro abinci.
2. A zuba kashin yaro a salanga, kada a bar shi a tsakar gida. Kashin yaro ma yana ɗauke da cuta.
3. Yaro marar lafiya ya samu moɗarsa da cokalinsa shi kaɗai.
4. A wanke tufafinsa da tabarmarsa da sabuni, a shanya a rana. Fo ɗinsa da abin wasansa a wanke su da ruwan jabel da aka surka.
5. Ya zauna gida, kada ya je jardan ko lakwal, sai zazzaɓi ya tafi, ƙuraje sun bushe.
6. In yara da yawa suka kamu a unguwa ɗaya, a sanar da gidan likita.

Ƴan uwa, yaro ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, sai iyaye sun lura. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa matan gidansu da maƙwabta, musamman alamun nan guda 8. Sabuni a bakin salanga, da cokalin ruwa a bakin yaro, da saurin zuwa gidan likita in alama ta bayyana, su ne ke tsare ran yaro. Allah ya ba yaranmu lafiya.